Ba a Mayar da Kwano Fanko

A makarantar firamaren garinmu, in malamai suka yi fushi da kai, ba mai zaginka, ba mai ɗaure maka fuska. Gaisuwa ma ƙaruwa take yi. Hukuncinsu ɗaya ne. Ranar Juma'a, da kowa ke kawo girkin gidansa a jera a kan dogon teburin ɗakin malamai, naka za a bari. A riƙa kewaye shi yadda mota ke kewaye rami.

Juma'a uku ke nan a jere Trina Solberg, malamar aji uku, tana komawa gida da kek ɗinta na lemon tsami ko wuƙa ba a sa masa ba. Kek ɗin da aka yi shekara goma sha huɗu ana rububinsa, a cikin farantin gilashin uwarta mai suna manne a gindi. Mijinta Curt ya ci na farko da murna, ya ci na biyu da haƙuri. Da ta shigo da na uku sai ya tambaye ta ko lemon tsami na yi wa kare illa.

Laifinta ɗaya ne: an naɗa ta.

Ofishin ilimi na gunduma ne ya duba takardu ya ga karatun yaranmu ya ja baya. Suka turo wani mutum daga birni, mai kati rataye a wuya da haƙora farare tas. Aka ba yara hutun yini, aka tara malamai a ɗakin littattafai a kan 'yan kujerun yara, gwiwa na taɓa haɓa, tun ƙarfe takwas har uku. Ya sa kowa ya rubuta burinsa a 'yar takarda mai launi ya manna a bango. Rollie, malamin wasanni, ya rubuta "abincin rana". Can da yamma mutumin ya ce daga yanzu kowace makaranta za ta fitar da jagora daga cikin malamanta, wanda zai riƙa shiga ajin 'yan'uwansa, ya zauna, ya gani, ya rubuta, ya ba da shawara.

Hedimasta Duane Kangas ya ce wa ke so. Kowa ya gano akwai abin kallo a takalminsa. Sai Duane ya ɗaga ido ya dubi Trina. Shekarar da babanta ya kwanta a asibiti, Duane da kansa ya riƙe mata aji kwana tara, har yara suka zuba masa fenti a wando. Nan garin ba a tuni da baki, kallo ake yi. Trina ta ɗaga hannu.

Kada kuma a wanke ta tas, ita ma ranta na so. Ta gaji da karɓar yara kowace shekara, rabi na karatu kamar ruwa, rabi na kallon baƙi kamar an zana musu ƙaya, kuma ba wanda ya isa ya tambayi dalili, don kowa na rufe ƙofarsa.

Ta je birni horon kwana uku, ta dawo da nata katin a wuya, da ɗan allo mai maƙalin takarda, da fom mai gida ashirin da bakwai. Ajin farko da ta shiga na Denise ne, malamar aji huɗu, ƙawarta da suka yi goyon fari tare. Ta zauna a baya tana ƙyas-ƙyas da biro. Da aka tashi Denise ta shiga bayi ta yi kuka, ta fito ta ce mura ce. Tun daga ranar, duk inda Rollie ya hango Trina a baranda sai ya ƙame ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, sufeto! Yau wa za a rataye?"

"Rollie, ka kiyaye ni."

"Na kiyaye, ranki ya daɗe. Ga usur ɗina, a duba ko ya cika gida ashirin da bakwai."

Amma Rollie ganga ne, ba shi ke kiɗa ba. Mai kiɗan ita ce Marlys Rustad, malamar aji biyu, shekara talatin da shida a ɗaki ɗaya. Rabin garin nan a hannunta ya koyi riƙe fensir, har da Duane, har da Trina, har da likitan dabbobi. Ranar Juma'a ita ke fara ɗaukar faranti, kuma abin da cokalinta ya tsallake, ya tsallaku. Ranar da aka naɗa Trina, Marlys ta sa yaranta suka zana kabewa, ta manne gilashin ƙofarta da takardun ruf, ko allura ba za ta leƙa ba.

Sau biyu Trina na ƙwanƙwasawa. Na biyun Marlys ta buɗe daidai faɗin fuskarta.

"Katrina. Wani ya mutu ne?"

"A'a, Malama. Dama cewa na yi ko zan ɗan zauna..."

"Kin zauna a ɗakin nan shekara guda cur, kina cin gam. Bai ishe ki ba?"

Ƙofa ta rufe.

Ranar Litinin Duane ya kira ta ofis. Ya ce ofishin gunduma na son fom goma sha ɗaya kafin a buɗe lokacin farautar barewa, don sun san da an buɗe, rabin makarantar daji take tafiya. Saura mako biyu, ita kuwa uku ta cike. In ba su cika ba, mai kati a wuya zai riƙa zuwa duk mako ya yi da kansa.

"Kuma kin san wa za su ce ya jawo shi," in ji Duane.

"To in na ajiye fa?"

Ya sake yi mata kallon kwana tara. Ta tashi ta fita.

A mota ta zauna ta daɗe ba ta kunna ba. Ba fom ke cin ta ba, ba kuma mai kati ba. Kujerarta ce a teburin nan, tsakanin Denise da injin kofi, inda ta ji labarin kowane ciki da kowane saki kafin gari ya ji. Yanzu da ta shigo sai hira ta koma kan yanayin sanyi. Tana da sauran shekara ashirin a ginin nan. Shekara ashirin na hirar sanyi, ai gara mutum ya koma sayar da taya.

Da ta isa gida ta tarar Curt riƙe da tukunyar maƙwabciyarsu, wadda aka kawo musu miya a ciki tun wancan makon.

"Bari in miƙa mata abinta, ta tare mana wuri."

"Haka nan? Fanko? Curt, a daji aka haife ka?"

"To tukunya ce fa, ba jariri ba."

"Ajiye. Sai na soya wani abu na zuba."

Ta karɓe tukunyar, sai ta tsaya da ita a hannu kamar an dasa ta. Duk garin nan, wa ya kai Marlys Rustad riƙe wannan doka? Matar da ta taɓa tuƙa mota mil goma sha ɗaya cikin dusar ƙanƙara don ta mayar da kwanon da aka kawo mata na ta'aziyyar mijinta, cike da kokwamba mai tsami, wai ba za ta shiga sabuwar shekara da kwanon mutane a kanta ba. Marlys na iya ƙin karɓa. Amma in ta karɓa, ko za ta mutu sai ta mayar.

Washegari da sassafe Trina ta tare ta a wurin ajiye motoci, ba kati, ba allo.

"Malama, taimako na zo nema. Ajina ya gagare ni. Ko za ki leƙo ki gaya min inda nake kuskure?"

Marlys ta ƙura wa bakinta ido, ta daɗe. Tsohuwar kura ce, ta ji ƙanshin tarko. Amma ka nuna min malamar da za a ce ta zo ta fito da laifin tsohuwar ɗalibarta ta ce ba ta da lokaci.

"Ƙarfe goma yarana na wurin Rollie suna koyon ihu," ta ce. "Zan zo."

Ta zo kuwa. Ba ta zauna a baya ba kamar yadda aka koya wa Trina a birni. Kujera ta ja har gaban allo, ta gefe, inda take ganin fuskar kowa. Ta fito da tsohuwar ambulan tana ɗan ja mata layi a baya.

Trina ta yi niyyar yin 'yan kurakurai da gangan don tsohuwa ta samu abin tauna. Da ta fara sai girman kai ya hana. Ta zage ta koyar da darasin da ta fi iyawa, labarin wani manomi da gonarsa ta cika da ruwa. Ta yi muryoyi, ta yi tsalle, ta zana kwale-kwale. Yara suka yi tsit suna kallo. A ranta ta ce, to Malama, sai ki nemo.

Da yara suka fita shan iska, Marlys ta juya ambulan.

"Tambaya talatin da takwas kika yi."

"Haka ne? Ai an ce yawan tambaya..."

"Talatin ke kika amsa. Biyar 'yar likitan dabbobi ta amsa, ita kuwa ko a gona aka ajiye ta za ta yi karatu. Uku ba wanda ya amsa, ke ma kin manta kin yi su. Bakin da na ga yana motsi a ɗakin nan naki ne, Katrina. Yaran nan sinima suke zuwa kallo, kuma kyauta."

"Amma sun yi shiru, suna saurare..."

"Shanu ma shiru suke yi in ana magana."

Ta ajiye mata ambulan a tebur ta fita.

Trina ta kai kwano don tarko, ashe da gaske yunwa take ji. Ta ƙirga layukan nan sau uku ko za su ragu. Bayan shan iska ta yi tambaya ɗaya ta cije leɓe ta jira, sai ta ji amsar na fita daga bakinta da kanta kamar atishawa. Shekara goma sha huɗu! Kuma ita aka ba allo ta je ta auna wasu.

Marlys kuwa sai da ta kai gida ta gane abin da aka yi mata: ta shiga ajin wani, dole ta buɗe nata. Ranar Laraba ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Ranar Alhamis da safe Trina ta tarar da 'yar takarda a akwatinta: "Ɗaya da kwata. Ki bar allon nan a waje."

A bakin ƙofa Marlys ta ce, "Kin iya mugunta. Uwarki ma haka take, da murmushi take sa mutum wanke-wanken coci."

"Na gode, Malama."

"Ba yabo ba ne. Shiga."

Ɗakin na nan yadda Trina ta bar shi tana 'yar shekara bakwai, har warin gam ɗin. Sai dai kujerun an jera su kamar kofaton doki, kowa na ganin fuskar kowa. Marlys ta karanta musu layi huɗu, ta rufe littafi, ta yi tambaya ɗaya. Sannan ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har Trina ta ji amsar na yi mata ƙaiƙayi a maƙogwaro. Can wani a ƙarshe ya yi gunaguni.

"Tashi, Tobias. Juyo. Buɗe baki, ba da cokali za a ciro maganar ba."

Ya tashi ya faɗa da ƙarfi.

"Ingrid, me Tobias ya ce?"

Ingrid ta maimaita.

"Haka ka ce, Tobias? To. Wa bai yarda da shi ba? Ke, me ya sa? Nuna min a littafi."

Kowace amsa sai ta bi ta baki uku kafin a sake ta. Ba mai iya gyangyaɗi, don ba ka san lokacin da za a ce me wane ya ce ba. Trina ta zauna tana jin kunya da daɗi a haɗe. Ga abin da aka kwashe kwana uku a birni ana zana musu da kibiyoyi a bango, ga shi nan a bayan takardun kabewa, ba kibiya ko ɗaya.

Sai lasifikar bango ta yi ƙara. Muryar Duane ce. "Malama Rustad, a turo takardar abincin rana." Marlys na rubutu a allo, ba ta juyo ba. Ya sake faɗa. Ba ta juyo ba. Ingrid ta tashi ba tare da neman izini ba, ta taɓa mata gwiwar hannu, ta nuna lasifika, ta yi alamar kai loma baki. Marlys ta miƙa mata takardar. Ba yaron da ya ɗaga kai. Abin da aka saba ne.

Nan Trina ta gane: Marlys ba ta ji sosai. Zaman gaban allo, da ƙura wa baki ido, da tashi juyo buɗe baki, da me wane ya ce. Da kabewa.

Da yara suka tafi, Marlys ta zauna a kan teburinta, abin da take hana yara yi.

"Kin gani."

"Na gani, Malama."

"Shekara bakwai ke nan. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana haɗa kaya." Ta jawo aljihun tebur, ta nuna wata 'yar na'urar kunne a cikin gwangwanin alawa. "Wannan kuma fito take min kamar butar shayi. Da farko don in ji nake sa su maimaitawa. Daga baya na ga sun fi na da karatu, sai na ce to, ashe shekara ashirin da tara surutu na yi ta yi, irin naki."

Ta rufe aljihun.

"Je ki ɗauko allonki ki rubuta. Na ci naki, ki ci nawa. Na san yadda ake yi wa mutum ritaya. Za su yanka min kek, Duane ya yi jawabi, a ba ni agogon bango, in koma gida in riƙa kallon sa."

Trina ta fita ta ɗauko allon a inda ta jingine shi. Ta zauna a 'yar kujera ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, tana karantawa da ƙarfi, fuskarta a saitin Marlys. Yara na magana? Suna yi. Suna sauraron juna? Dole. Malama na jira bayan ta yi tambaya? Har sai mutum ya tsufa. Ana amfani da sababbin littattafan gunduma kullum? Ta waiga ta hango su, guda shida, an tokare taga da su don iska ta shigo. Ta tsallake wannan gidan, ta ce biro ya ƙi.

"Ashirin da bakwai," ta ce. "Ba gidan kunne. Abin da ba a tambaye ni ba, ba ni da inda zan rubuta shi. Amma ƙararrawar gobara fa?"

"Tana da fitila. Kurma na ce miki, ba makauniya ba."

"Duk da haka. Ki kai butar shayin nan a gyara, ki sa ta. Ni zan kai ki ranar Asabar."

"In na fara ji, ai sai in koma kamar ke."

"Ki sa, ki ci gaba da yi kamar ba ki ji ba. Duk tsofaffin garin nan haka suke yi."

Marlys ta kusa dariya, ta fasa. Fuskarta ta canza, irin ta wanda ya buɗe ƙofa ya tarar an sake ajiye masa kwano, wannan karon babba, da murfi.

"Yanzu kuma ni ake bi," ta ce. "Allah ya isa tsakanina da Solberg, uwa da 'ya. Faɗi. Me zan zuba a ciki?"

Trina ta nuna ƙofa. "Kabewa ta sauka. Denise ta zo ta zauna ta gani. Ba allo, ba kati."

"In ta zo nawa, ai dole in je nata."

"Ni ban ce ba."

"Munafuka."

Ranar Juma'a Trina ta tsaya gaban tanda tana shawara da kanta, sannan ta ɗauki farantin gilashi ta sa a mota. Curt ya leƙo ta taga ya ce zai jira rabonsa da yamma, shi da kare.

Ƙarfe sha biyu aka jera. Ga gasasshen dankali da niƙaƙƙen nama, ga shinkafar da ke fitowa da kanta a tafki, ga wake mai zaƙi da Rollie ya saya a kanti ya juye a kwanon gida. Kek na can ƙarshe shi kaɗai kamar mai cutar ƙyanda. Trina ta shigo, hira ta koma kan sanyi.

Marlys ta ɗauki faranti. Ta wuce dankali, ta wuce shinkafa, ta tafi kai tsaye har ƙarshen tebur. Ta sa wuƙa. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin injin kofi na tari. Ta tauna a tsaye, a hankali.

"Sukari ya yi yawa," ta ce. Ta yanki na biyu.

Sannan ta juyo. "Denise. Talata, ɗaya da kwata, ajina. Ki zo da idonki kawai. Laraba ina naki."

Rollie ya ɗaga hannu kamar ɗan aji biyu.

"Malama, ni fa? Ba mai son ganin yadda ake busa usur?"

"Kai zan zo maka da kaina, Roland. Tun kana ajina ba ka iya jera mutum biyar a layi ba."

Aka fashe da dariya, dariyar da ta yi makonni a ɗaure. Denise ta janye jakarta daga kan kujerar da ke kusa da injin kofi, ba ta dubi kowa ba. Trina ta zauna. Kafin ta kai loma biyu aka fara ba ta labarin wanda aka gani a motar wa.

Kek kuwa ya tafi har saura yanka ɗaya. Nan garin ba a ɗaukar na ƙarshe, rashin kunya ne. Denise ta raba shi biyu ta ɗauki rabi. Duane ya shigo ya raba rabin. Rollie ya zo da wuƙa ya sunkuya kamar mai fiɗa ya raba abin da ya saura.

Da yamma Trina ta ajiye farantin a gaban Curt. A tsakiyarsa akwai ɗan ɓarɓashi da bai kai farcen babban yatsa ba. Curt ya duba, kare ya duba.

"Shi ke nan?" in ji Curt.

"Ku raba," ta ce, ta tafi neman lambar likitan kunne.